Ƙamus ɗin da Baba Ya Bari

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Yau muka buɗe akwatin ƙarfen Baba, Allah ya jiƙansa. Inna ce ta matsa a buɗe, don ta ga gara ta fara gini a bangon ɗakin. Ƙarƙashin tsofaffin rasiɗai da takardunsa na zamanin da yake akawu a En'e, sai ga ƙamus ɗin nan nasa na Turanci zalla, mai kaurin bulo. Bango babu, shafukan farko babu, ya fara ne daga kalmar "abeyance". Gara ta ci gefen ƙasa tun daga harafin P har cikin R. Na san littafin sarai. Muna yara ba mai taɓa shi sai ya wanke hannu, kuma a gaban Baba.

Na zauna da shi har aka kira la'asar. Kalmomin da nake koya wa yara kullum a aji, a nan wata fuska gare su daban. Shekara 24 ina koyar da Turanci a sakandare, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ɗalibi zai haddace ma'ana ɗaya tak ya rungume ta, in ya gamu da kalmar a tsohon rubutu sai ya tsaya cik. Don haka na ƙudura niyyar tsamo kalmomi 300 daga littafin nan, kowace da katinta: kalmar a sama, sai abin da tsohon ƙamus ya ce, sai abin da take nufi yau, a bayan katin kuma bayani da Hausa. Ina so in gama kafin a koma makaranta a Satumba.

Litinin, 5 ga Mayu

Farin kwali guda 10, ₦4,000. Kafur na sa wa cikin akwati, ₦600. Biro uku, ₦450. Ni da 'yata muka yanka kwalin da almakashi bayan isha'i, muka sami kati 320.

Asabar, 10 ga Mayu

Matsalar farko: shafin da ke fassara gajerun alamomi yana cikin waɗanda suka ɓace. "L." da "Fr." da "Gr." ba wuya, Latin ne da Faransanci da Girkanci. "Obs." na nufin kalmar ta mutu, an daina amfani da ita. Amma "A.S." ta wahalar da ni kwana biyu. Sai da na jera kalmomin da ke ɗauke da ita, na ga duk na cikin gida ne, irin su uwa, wuta, burodi, dare, sannan na gane Anglo-Saxon ake nufi, wato tsohon Turancin da aka yi kafin Nomawa (mutanen Nomandi nake nufi, ba masu fartanya ba) su ci Ingila da yaƙi a 1066.

Kati 22 zuwa yau. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce "nice". Ba kalmar da ɗalibaina suka fi so kamarta, komai nasu "nice" ne. A littafin nan ma'anar da aka fara kawowa ita ce mai tsantseni, mai yawan zaɓe, wanda ba ya barin ƙaramin kuskure ya wuce. Can baya kuma wawa take nufi, domin tushenta kalmar Latin ce mai ma'anar wanda bai sani ba. Ita kuwa "silly" hanyar ta bi a juye: ta faro da mai albarka, ta gangaro zuwa marar laifi, ta zama abin tausayi, ta ƙare a sakarai. "Meat" da can kowane irin abinci ne, ba nama kaɗai ba. "Deer" kowace dabba ce kafin ta tsuke ta koma kan dangin barewa.

Talata, 13 ga Mayu

Kati shida. Babu wuta, da fitilar waya na yi.

Asabar, 17 ga Mayu

Tun da babu shafin farko, ban san shekarar da aka buga littafin ba, ban san madaba'a ba. Yau na ajiye katuna na shiga binciken shekarunsa, yadda ake buɗe bakin doki a duba haƙori.

Na Ingila ne, ba na Amurka ba, don "colour" da "honour" duk da harafin u aka rubuta su, misalan kuɗi kuma da fam da sule. Sai na bi kalmomin da na san lokacin haihuwarsu. "Radar" babu, ita a 1940 aka ƙirƙiro ta. "Nylon" babu. "Penicillin" babu, Alexander Fleming kuwa a 1928 ya gano maganin. Ƙarƙashin "planet" an lissafa duniyoyi takwas, ba Pluto, wadda sai 1930 aka gano ta. Abin sha'awa, tun 2006 masana taurari suka sake cire ta, ka ga a wannan gaɓar tsohon littafin ya dawo daidai. "Computer" tana nan, amma mutum ne, mai yin lissafi.

Can ƙarshe akwai rataye na sababbin kalmomi, kuma nan ne asirin yake. A cikin gangar jikin littafin "tank" tanki ne kawai na ajiye ruwa. A ratayen sai ga ta da ma'anar motar yaƙi mai sulke. Tankokin yaƙi kuwa a Satumban 1916 aka fara fito da su fagen fama, a yaƙin Somme da ke Faransa, kuma da gangan Ingilishi suka laƙaba musu sunan tankin ruwa don su ɓatar da abokan gaba. Kusa da ƙarshen ratayen ga "vitamine" da harafin e a wutsiya, yadda Casimir Funk ya rubuta ta a 1912, kafin a yanke mata e ɗin wajen 1920.

Hukuncina shi ne an tsara ratayen tsakanin 1917 da farkon shekarun 1920, gangar jikin kuma ta girme shi. Mai yiwuwa an yi ta sake buga shi daga baya ba tare da gyara ba, haka ake yi wa ƙamus. Ko ma dai yaya ne, littafin ya girmi Baba. Inna ta ce a hannun wani tsohon malamin makaranta ya saya, tun kafin a kawo ta gidan.

Kati 51.

Alhamis, 22 ga Mayu

Rubutun ƙanana ne ƙwarai, musamman layin asalin kalma. Idona na ruwa, kaina na sarawa da dare. Na sayi gilashin ƙara girman rubutu a kasuwar Sabon Gari, ₦3,500. Na rage aikin dare, na koma bayan sallar asuba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Makon nan alamar "Ar." na bi, wato kalmomin da suka fito daga Larabci, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irin na makon nan ba. "Cipher" da "zero" uwarsu ɗaya, sifr, ita ce sifirin da muke faɗa a ajin lissafi. "Magazine" a nan rumbun ajiya ce tukuna, musamman na albarushi, daga makhazin, sannan daga baya ta zama mujalla, rumbun labarai ke nan. "Alcohol" daga al-kuhl, kwallin da iyayenmu mata ke rambaɗawa a ido. Daga kwalli ta koma kowane gari mai laushi, daga nan ta koma abin da aka tace aka fitar da ainihinsa, har ta faɗa inda take yau. Na daɗe riƙe da katin nan ina jinjina nisan tafiyar.

Wadda na san za ta tayar da ajin ita ce "arsenal". Rabin yaran 'yan Arsenal ne. Asalinta dar as-sina'a, gidan sana'a, ta bi ta Italiya inda aka kira wurin ƙera jiragen ruwa na Venis da sunan, ta isa Ingila a matsayin gidan ƙera makamai da ajiye su. Ma'aikatan irin wannan gida na Woolwich ne suka kafa ƙungiyar ƙwallon a 1886, shi ya sa igwa take a tambarinta. Sana'ar da ke bakinmu ita ce a cikin sunan.

Kati 84. Gobe zan gwada guda goma a aji biyar.

Laraba, 28 ga Mayu

Na yi kuskure a gaban yara, kuma dole in rubuta shi yadda ya faru.

Cikin katuna goman da na kai ranar Litinin akwai "sheriff". Na gaya musu daga Larabci take, daga sharif, sharifin da muka sani. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, suka rubuta. Yau ina shiga aji wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, don Allah a yi haƙuri, na duba a ƙamus ɗin yayana, ba haka na gani ba." Na ce ta karanto. Ta karanto cewa kalmar tsohon Turanci ce, haɗin "shire", wato gunduma, da "reeve", wato wakilin sarki. Kusan hakimi ke nan.

Jikina ya yi sanyi. Na ce mata zan duba. Ina isa gida ko riga ban cire ba na buɗe littafin da gilashi. Ashe kalmomi biyu ne a jere, ɗaya kan ɗaya: "sherif" mai f ɗaya, wadda lallai daga Larabci take kuma sharifi take nufi, sai "sheriff" mai f biyu a ƙasanta. Idona ya tsallake layi, na ɗauki asalin ta sama na ɗora wa ta ƙasa. Amma ba zan ɗora wa ido laifin duka ba. Zuciyata ce ta so abin ya zama haka. Mako guda ina tsintar Larabci a cikin Turanci, har na fara ganinsa inda babu shi. Kamannin sauti ba hujja ba ne, na sha faɗa wa wasu wannan.

Gobe zan gyara a allo, a gaban kowa, in kuma gode wa yarinyar da sunanta. Ba ƙaramin abu ba ne 'yar shekara 16 ta tsaya ta gyara wa malaminta, kuma cikin ladabi.

Lahadi, 1 ga Yuni

Sabuwar ƙa'ida: ba katin da zai shiga akwati sai na gwada shi da ƙamus na biyu, na zamani. Na sake bin duk 97 ɗin. Tara na cire, uku saboda na karanta ba daidai ba, shida saboda shi kansa tsohon ƙamus ɗin hasashe ya yi, masana na baya kuma ba su yarda ba. Saura 88. Mako mai zuwa hidimar layya, ba na sa ran yin komai.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na je gaida Kawu da barka da Sallah, na tafi da katuna kaɗan a aljihu. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya haura 80, kunne ya yi nauyi amma kai garau. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, kuɗin da kuka kashe kuna samari nake so ka lissafa mini." Ya gyara zama, ya jero su kamar karatun allo: anini goma kwabo, dari biyu kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, tara nai, goma sha biyu sule, sule biyu dala, sule ashirin fam. Ya ce, "Kai ɗan nan, dari fa na ce, rabin kwabo, ba ɗari ba. Kar ka je ka rubuta mini shirme."

Ya aika jikansa ya ɗauko wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. Ya zazzage a tabarma, ya tsamo kwabo mai huji a tsakiya, ya yi baƙi ƙirin, ya ɗora mini a tafin hannu. Da na dawo na duba "copper": jan ƙarfe, sai ma'ana ta biyu, ƙaramin kuɗin da aka yi da shi. Kwabonmu ke nan. Sule daga "shilling", sisi daga "sixpence". Ingila ta bar wannan lissafi a Fabrairun 1971, Nijeriya ta bar shi ranar 1 ga Janairun 1973 da aka kawo naira, fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Yaro a Landan yau in ka ce masa "sixpence" sai ya yi tunani. Mu kuwa har gobe muna cewa ba ni da ko sisi, bai ba ni ko anini ba. Kuɗin ya mutu a can, sunansa na yawo a kasuwar Tudun Wada.

Nan na gane aikina yana da ƙafa ta uku da ban lissafa da ita ba. Akwai ma'anonin da littafin nan ya rubuta, Turawa suka wuce su, mu muka riƙe. Kawu ya ƙara mini wasu: kanti daga "canteen", don haka ake kiran shagunan kamfanonin Turawa a zamaninsu. Bariki daga "barracks", wadda a wurinmu ta bar sojoji ta zama wata irin rayuwa, har ake cewa ɗan bariki. Kwalta daga "coal tar". Waya daga "wire", zaren ƙarfen da ake aika saƙon tangarahu ta cikinsa, ga shi yau muna kiran abin da ba shi da zare ko ɗaya da sunan.

Na kuma yi katin "guinea": sule 21, tsabar zinariya da aka fara bugawa a 1663 da zinariyar gaɓar Gini, wato daga yankinmu na Afirka ta Yamma.

Kati 120.

Asabar, 14 ga Yuni

Inna lillahi. Daren jiya aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, kwano ya ɗaga ta kusurwar da teburina yake. Ban farka ba sai wajen ƙarfe uku, na tarar ruwa na zuba kai tsaye kan akwatin takalmin da nake jera katuna. Cikin 138, guda 41 sun tashi aiki, tawadar biro ta narke ta zama shuɗin tabo. Duk na Larabcin nan suna ciki, da rabin na Kawu.

Ƙamus ɗin yana cikin leda, amma bakin ledar a buɗe yake, ruwa ya shiga ta harafin S da T. Da gari ya waye na yi gaggawar shanya shi a rana. Cikin minti 20 shafukan suka fara kanannaɗewa kamar ganyen da aka ƙona, ɗaya ya tsage da na taɓa shi. Uwargida ce ta fito ta ce, "Malam, ɗauke shi daga ranar nan, takarda ba shanyar kuɓewa ba ce." Muka mai da shi inuwar zaure, muka riƙa sa farar takarda tsakanin shafi da shafi, muna sauyawa in ta jiƙe, sannan muka danne shi da turmin atamfa biyu da dutsen niƙa a kai. Wuni guda muka yi a haka.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba lokacin da shafin nan ya tsage a hannuna. Littafin ya fi shekara 100 a duniya, ya tsira daga gara, a hannuna ya ji ciwo.

Kafinta da kusoshi da fallen kwano ɗaya, ₦14,000.

Talata, 17 ga Yuni

Ya bushe. Shafuka kusan 30 sun yi tudu-tudu amma ana karantawa. Daga yau fensir, ba biro. Kowane kati kuma sai na ɗauki hotonsa a waya kafin in kwanta.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na kai shi wurin wani dattijo mai ɗinkin littattafai a cikin birni, wanda ya saba da gyaran Alƙur'anai da littattafan fiƙihu. Ya juya shi a hankali, ya shinshina, ya ce gam na zamani zai cinye takardar, shi da zare zai ɗinke, ya yi masa bangon fata. Ya nemi ₦10,000, muka daidaita a ₦8,000. Kwana biyar. Na roƙe shi kar ya datse gefen da gara ta ci, don akwai rabin kalmomi a wurin da nake iya cankar sauransu.

Kafin ya dawo ina sake rubuta waɗanda ruwa ya ci, daga abin da na tuna da ƙamus na zamani. Na koma 131.

Lahadi, 29 ga Yuni

Littafi ya dawo da jan bango, yana ƙamshin fata. Na kai wa Inna ta gani. Ta shafa shi, ta yi shiru, ta yi wa Baba addu'a.

Na zauna nan wurinta na yi aikin yau, ina karanta mata tana ba ni Hausar. "Fathom": tsawon hannu biyu in an ware su, ƙafa shida. Kafin in rufe baki ta ce, "Gaba ke nan, da ita ake auna rijiya." "Cubit": daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ta ce kamu. "Fortnight", mako biyu, ashe dare 14 ne aka dunƙule, kuma akwai ƙanwarta "sennight", dare bakwai, wadda ta mutu. Inna ta ce to ai su ma da kwana suke ƙirga kamar mu.

Sai "broadcast". A littafin nan babu rediyo a cikinta ko kaɗan. Shuka ce ta hanyar watsa iri da hannu, ba a rami ba. Na tambayi Inna, ta ce yafi, yadda ake yafa shinkafa a fadama, har ta kwatanta da hannu. BBC a 1922 ta fara aiki, sashenta na Hausa a 1957, kuma mu ma da muka tashi sa wa aikin suna sai muka ce watsa labarai. Manomi ne ya ba harsunan biyu kalmar.

Amma manomin bai sha da daɗi ba a wasu shafukan. "Villain", mugu, asalinta talakan da ke noma a gandun mai gida. "Boor", marar ladabi, asalinta manomi kawai. Na tuna yadda mu ma muke jefa wa mutum baƙauye in muna son mu ci masa fuska, alhali abincin da ke cikinmu daga can ya fito. Wannan katin zan yi darasi guda a kansa.

Kati 160.

Asabar, 5 ga Yuli

Kati 187, saura 113. Abin da na kashe zuwa yau ₦30,550, kusan rabi a kan rufi.

Na sauya tsari. Maimakon bin haruffa a jere, sauran katunan zan haɗa su da mutane. Akwai wani tsohon tela a bakin kasuwa da ya yarda in zo ranar Talata da yamma da kalmomin yadi: "calico" daga birnin Kalikut na Indiya, "muslin" daga Mosul, "damask" daga Dimashƙa. Ina so in ji me suke kiran kowanne a da. Bayansa wani tsohon soja a unguwarmu, don samanja da kofur da hafsa. Zan riƙa naɗar muryarsu a waya in sun amince.

Harafin P zuwa R har yanzu rami ne. Layi huɗu zuwa shida na ƙasan kowane shafi gara ta tafi da su, kuma "pecuniary" na cikinsu, wadda na san tushenta kalmar Latin ce ta dabbobin kiwo, kamar yadda makiyayi ke ce wa shanunsa dukiya. Ina son ganin yadda shi wannan littafin ya faɗe ta. Zan leƙa ɗakin karatu na jami'a ranar Alhamis ko a dace da irinsa a ɓangaren tsofaffin littattafai, in ɗauki hoton shafukan. Kwali ya kusa ƙarewa saboda waɗanda ruwa ya ci, sai na ƙaro guda uku.